Sassaƙen da Ya Ƙi Bushewa

Wallahi tallahi abin nan a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bar mini kayana. A shekarun da kuɗin mai ya fara yawo a ƙasar nan ne, ina malamin daji a Kankia, ina zaga ƙauyuka a kan keke ina hana mutane sare itatuwan gandu, su kuma suna zagina a bayan ido. Abokan aikina kowa hankalinsa ya koma birni, wannan ya zama ɗan kwangila, wancan ya sayi babur, sai ga takarda ta iso ofis cewa ana neman ma'aikatan daji da za su sa kai su tafi Kamaru wata huɗu, su taimaka a shata iyakar wani babban kurmi da gwamnatin can take son killacewa. Ba albashi, abinci ne kawai da wurin kwana. Duk ofis aka kwashe da dariya, wani ya ce wane mahaukaci ne zai bar Najeriya yanzu ya je gadin itace kyauta. To ni dama an san ni da taurin kai, dariyar nan ce ma ta sa na rubuta sunana.

Na je Kusada na yi wa Baba sallama. Malami ne, yana karantarwa a zaure yana kuma noma ɗan abin da za a ci, amma gyambo ya kama shi a ƙauri shekara da shekaru, an yi na asibiti an yi na gida, ya ƙi rufewa, har ta kai a zaune yake salla. Ya sa mini albarka ya ce in kama kaina a ƙasar mutane.

Kai jama'a, ashe ban taɓa ganin daji ba! Mu da muke kiran 'yan kukoki da kalgo daji. Can itace ɗaya sai mutum goma su kasa zagaye gindinsa, ka ɗaga kai har hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshensa ba, rana kuwa sai dai a ba ka labarinta, ruwa kullum, tufafi ba sa bushewa, ga ƙarar ƙwari da tsuntsaye da birai ba dare ba rana. Aikinmu shi ne mu sare siririyar hanya da adda a kan iyaka, mu shafa jan fenti a jikin itatuwa, mu kwance tarkon waya da mafarauta ke ɗanawa. Doka ɗaya Baturen da ke kula da aikin yake nanatawa kullum, ko ganye ɗaya ba a fita da shi daga gandun.

Mai nuna mana hanya wani tsoho ne ɗan yankin, Mbele, gajere, ba ya sa takalmi, da buroka, wato gurgun Turanci, muke magana da shi, muka shaƙu har kwano ɗaya muke ci. Wata rana muka wuce wani itace mai jan ɓawo, shi kaɗai a wani ɗan fili da ko ciyawa ba ta fito ba, na ga Mbele ya rage murya ya ratse gefe. Na tambaye shi, ya ce ɓawon itacen nan ba miki da ba ya warkarwa, ko wanda ya ci har ƙashi, amma gida ɗaya ne a garinsu suke da izinin ɗiba, su ma sai sun zo sun zauna sun nemi yarda, wani lokaci su yini su koma hannu biyu. Ina jin ya ce miki, ƙafar Baba ta faɗo mini a rai, daga nan ban ƙara samun sukuni ba.

Na ce masa mu ma a wajenmu mun san ladabin ɗibar sassaƙe, ai ba da ka ake yi ba. Za ka yi wa itace sallama, ka yi bisimilla, ka ɗiba ta gabas ka ɗiba ta yamma, ka shafa ƙasa a wurin saran, shi ke nan. Ya girgiza kai ya ce wannan ba itacen garinku ba ne. Maganar ta ɓata mini rai ƙwarai, na ce a zuciyata Ubangijin da ya halicci marke a Kusada ai shi ya halicci wannan.

Ana saura kwana biyu Mauludi, bayan na yi azahar, sauran suna hutawa, na ɗauki adda na koma, tafiyar ba ta fi ta shan kofin shayi ba. Tun da ba rana, kamfas ɗin aiki na duba na gane gabas. Na yi sallama da ƙarfi, ban ko rufe baki ba na kai sara, na ɓanɓaro kamar tafin hannu, na zaga yamma na ƙara, wani jan ruwa mai kauri ya biyo addar, na shafa ƙasa, na ƙunshe a hankici na cusa a aljihu.

Ina miƙewa dajin ya yi tsit. Ku fahimce ni, wata uku ban taɓa jin kurmin nan ya yi shiru ko na ƙiftawar ido ba, amma ranar ba ƙwaro, ba tsuntsu, ba ɗigar ruwa, numfashina kawai nake ji. Na ce a'uzu billahi na kama hanya ina bin jan fentin da ni da hannuna na shafa, ina bi ina bi, sai ga ni a gaban itacen, ga sarana ɗanye. Na ce ruɗewa na yi, na fito da kamfas na saita, na sake tafiya ina ƙirga itatuwa, na sake ɓullowa a gindinsa. Na uku da gudu na yi shi, ƙaya ta yage mini wando, na faɗo filin nan ina haki, kuma wallahi ji nake ana kallona daga sama.

Na ji tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. Hannuna har ya kai aljihu zan ajiye ƙunshin, sai na tuna Baba yana jan ƙafa zuwa alwala, tsoron ya juye ya koma fushi. Na tsaya na ɗaga kai na yi magana da Hausa, da ƙarfi, kamar mai rigimar iyakar gona. Na ce na bar garinmu na zo ina tsare ku daga masu zarto, ko sisi ban karɓa ba, sauro ya cinye ni, tsutsa ta shiga ƙafata, yanzu ɗan ɓawon da zan kai wa ubana ne za a hana ni? Na ce na yi sallama, na ɗiba yadda aka koya mini, ba zan mayar ba, in riƙe ni za a yi a riƙe, amma da shi a aljihuna za a same ni.

Na daɗe a tsaye. Can sai wani tsuntsu ya yi kuka, ƙarar dajin ta dawo gaba ɗaya, na juya, taku kaɗan sai ga Mbele da sauran suna ta ƙwala mini kira, wai tun ɗazu suke wucewa ta filin nan ba su gan ni ba. Mbele ya kalli jan da ke jikin addata, ya ce in mayar tun rana ba ta faɗi ba. Na ce ba zan mayar ba. Bai kai ni ƙara wajen Bature ba, amma har na bar ƙasar bai sake sa hannu a kwanona ba, abin ya yi mini ciwo.

Da bazara na dawo, zafin nan da ke fasa ƙasa. Na sauka Kankia na ari keke na wuce Kusada, na tarar da Baba a zaure, muka gaisa, ina ɗoki na fara kwance jaka, sai ya ce, "Dakata. Ka taho da kayan mutanen?"

Na ce, "Wane kaya, Baba?"

Ya ce, "Ana saura kwana biyu Mauludi, tsakanin azahar da la'asar, wani mutum ya zo nan. Dogo ne, sai da ya duƙa sannan na ga fuska tai. Ya yi sallama ya tsaya, bai ɗaga ƙafa ba sai da na amsa. Jiki nai sharkaf, ruwa na ɗiga, ga shi ko hadari ba a yi ba, ya dafe haƙarƙari nai dama da hagu. Na ce mi ke tafe da kai? Ya ce, ɗanka ya yi mani sallama, bai jira na amsa ba. Ya juya ya tafi."

Baba ya ce ya tambayi maƙwabta ba wanda ya ga shigarsa gari ko fitarsa, amma bakin zauren ya kwana biyu da laima. Ni ban rubuto wasiƙa ba, ba wanda na gaya wa, ko da na rubuto ma ba za ta riga ni isowa ba.

Na roƙi Baba, na yi magiya, na ce ko sau ɗaya a wanke ƙafar da shi, in akwai alhaki a kaina yake. Ya ce, "Ba ni sa abin da mai shi bai yarda ba a jikina." Har na jiƙa kaɗan a ɓoye na zuba a butarsa, yana ɗauka ya sansana ya tuntsurar a ƙasa. Damina biyu ya ƙara ya rasu, da gyambonsa aka binne shi, ni na riƙe ƙafar da ake masa wanka. Allah ya jiƙansa, har gobe in na tuna zuciyata tafasa take yi, ban san da wa nake fushi ba.

Sassaƙen yana nan a cikin gwangwani a saman bangon ɗakina. Garin da ake shanya fata da safe ta ƙandare kafin la'asar, shekara nawa ke nan, in na buɗe ɗanye shataf nake samunsa, hankicin a jiƙe. 'Ya'yana sun ce in ƙone, matata ta ce in ba direbobin Kamaru su yar a hanya, na ƙi. Ku dai in Allah ya kai ku ƙasar da ba taku ba, in kun yi sallama ku tsaya a amsa muku, ko ba ku ga kowa ba. Ni kam nawa ya riga ya wuce, ubana bai warke ba, kuma ba zan kai wa kowa komai ba. In mai sassaƙen yana son kayansa ya san gidan, ya zo, ina zaune a zauren.