Mun Je Ɗauko Auta

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na kusa da Sinnar, ni da mai ɗakina da wanta, manomin auduga. Za mu ɗauko autanmu ne, wanda ke koyarwa a makarantar tsakiya a wani ƙauyen Hausawa bayan Suki. Ya aiko cewa zai bar aikin. Raina ya ɓaci, uwarsa kuwa har da share masa ɗaki.

Babbar motar da muka hau ta cika da albasa da awaki. Damina ce, laka baƙa kamar tukunya. Ba mu yi nisa ba muka kafe. Muka sauka muka yi turi, takalmina ɗaya ya zauna can. Wata tsohuwa ta sayar mana da kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa a girshi biyu, daɗinta ya sa na yafe wa hanyar. A nan muka kwana.

Washegari da hantsi muka isa, muka same shi a aji, katifarsa ɗaure a bakin ƙofa. Ya rame, tausayinsa ya kama ni. Ya ce yaransa daga makarantar allo suka fito, duk shafin da ya ba su sai su haddace shi tsaf, har da rausaya. Amma ka tambaye su ko marubucin jero abubuwa ya yi bi da bi, ko dalili yake bayarwa, ko kwatanta abu biyu yake yi, sai su koma farkon shafi su ɗauko karatu.

Yaran suka gaishe mu, suka tambayi abin da ya tsayar da mu. Na fara tun daga sallar asuba, daki-daki. Surukina ya katse ni, ya ce ba haka ba ne: ruwa ya yi yawa, shi ya sa madatsar gona ta ɓalle, shi ya sa hanya ta jiƙe, shi ya sa muka kafe. Mai ɗakina ta ce duk mu yi shiru. Ta ce jirgin ƙasa yana da benci, mota sai buhu. Jirgi yana jinkiri amma yana isa, mota tana sauri amma tana kwana a daji. Ajin ya kwashe da dariya.

Auta bai yi dariya ba. Ya ɗauki alli ya ce su buɗe littafin labarin ƙasa, darasin dawa da auduga. Ya tambaya: "Wannan shafin, wa ya rubuta shi, Baba ko Kawu ko Inna?"

Can wani yaro ya ce, "Inna ce, Ustaz. Ga 'amma' nan har ta cika shafin."

Shafin madatsar ruwa suka ba Kawu. Na jira nawa, aka ba ni na tarihi, wai shi ya fi tsawo.

Da la'asar na ga Auta yana kwance igiyar katifa. Farin ciki ya kama ni.

Mun dawo ta jirgi, don uwarsa ta rantse ba za ta sake hawa mota ba. Na koyi cewa abin da yaro ke nema a littafi, sau da yawa ya riga ya ji shi a bakin iyayensa. Da muka iso gida na faɗa mata haka, na ce ita ce malamar. Ta tsaya a ƙofar ɗakin da ta share, ta goge ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Malam, da na sani da na bar ka ka gama labarinka."