Wayar da Ba Ta Taɓa Ganin Wuta Ba

A daminar da mutanen daji suka tsare mana hanyoyi, ni ne ƙafar daman mahaifina. Haka maƙwabta ke tsokanata, kuma ba su yi ƙarya ba. Tun da Baba ya faɗo daga kan rumbu gwiwarsa ta riƙe. Yana tafiya da ɗingishi, yana iya hawa mashin ya tuƙa, amma buga kik ya fi ƙarfinsa. Sitata kuwa, maɓallin tayar da inji, in ya danna, sai ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, don batirin kullum da yunwa yake kwana. Duk inda mashin ɗin zai tashi, sai an nemo ni.

Ƙauyenmu ba nisa da Bafarawa. Tun farkon ruwa muka kwashe mata da yara zuwa Isa, gidan kawuna. Inna ta tafi, matata ma ta tafi da tsohon ciki. Baba ya ce shi ko da igiya ba a jan sa.

"Baba, mu tahi mana," na ce masa ranar da suka tashi.

"Tahi abinka. Ni wa za ni bar ma gero?"

"In sunka zo hwa?"

"In sunka zo ai ga mashin."

"Wa za ya tada maka shi?"

Ya dubi ƙafata ya yi dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. A garinmu in aka ce an hango su, ba mai tsayawa ɗaukar wani, kowa ta kansa yake yi. Tsoho mai riƙaƙƙiyar gwiwa da mashin da ba ya tashi, ai an gama magana. Haka na zauna. Matata tana can tana jiran haihuwa, ni ina nan ina gadin ƙarfe. Ina jin haushin Baba, ina jin haushin gwiwar, ina jin haushin geron da ya yi kyau kamar da gayya.

Ba irin maganin da ba a yi wa batirin nan ba. Mutanenmu sun yi imani batir kamar ƙadangare yake, in ya sha rana sai ya farfaɗo. Kowace hantsi Baba zai sa in kwance shi in ɗora a kan dutsen niƙa, shi kuma ya zauna gefe yana juya shi. Wani ya ce a ƙara masa ruwa, aka ƙara. Wani ya ce a ɗan bubbuga shi da ƙasa, aka bubbuga. Da abin ya ƙi, surukinmu ya aiko da sabo fil daga Sabon Birni ta hannun wani mai ƙarfin hali. Ya yi 'yan kwanaki yana cika baki, daga nan shi ma ya koyi ƙas-ƙas. Ga kuma jama'ar unguwa, da yake ba wuta a garin, kowa salularsa a jikin mashin ɗin Baba take shan caji. Baba ba ya iya cewa a'a, musamman in mutum ya ce yana jiran kiran ɗansa ne.

Wata rana da la'asar na tayar da shi don wata tsohuwa ta ɗan samu caji. Na buɗe murfin gefe, bayan hannuna ya taɓa wata waya, na janye da sauri. Zafi rau. Na tsuguna na duba da kyau, sai kunya ta kama ni a madadin dukanmu. Wayar da ke kawo wa batir wuta siririya ce, ta tsohuwar rediyo, an murɗa ta da haƙori an naɗe da leda. Na bi ta da yatsa, na tarar da ƙulli bayan ƙulli, kowanne da kalarsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka fara ƙwace mashina, kowa a cikin karan dawa yake binne nasa, bayan rumbu, a jera kara a kai har ba a ganin ko madubi. Inda kara da hatsi suke kuwa nan ɓeraye suke. Su ci waya, da safe wanda ke kusa ya ɗaura da abin da hannunsa ya samu. Muna ɓoye mashin daga ɓarayi muna miƙa wa ɓeraye.

Kafin hanya ta lalace ina da rumfar cajin salula a kasuwar Bafarawa, kuma 'yar mitata ta gwada wuta tana nan cikin jaka. Na ɗauko. Akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙarƙari a ƙarƙashin kujera, bakanikai na kiran sa rektifaya, shi ke karɓar wuta daga inji ya miƙa wa batir. A bakinsa mita ta nuna sha huɗu. A bakin batir, sha biyu da ɗan ɗigo. Inji yana ba da wuta tsakani da Allah, a hanya take zubewa, tana dafa leda.

Gyaran ba wuya, waya mai kauri kawai ake nema. Amma wa zai sa ransa a hanyar Sabon Birni saboda waya kamu uku? Na zauna a zaure ina ta saƙe-saƙe, na ɗaga kai, sai ga ta a bango.

Shekarar da aka kafa turakun lantarki a garinmu, Baba ne na farko da ya ja waya a gidansa. Ya ce a ba shi wadda ta fi kowace kauri, mai silili da yawa a ciki, don kada ranar da wuta ta zo a ce gidansa ne ya kasa ɗauka. Turakun suna nan, tsuntsaye na hutawa a kai. Wuta ba ta taɓa zuwa ba. Amma duk jajibirin Salla sai ya sa an goge ƙwan lantarkin da ke rataye a zauren.

"Baba, wayag ga nika so."

"Wace?"

Na nuna. Ya daɗe yana kallon bangon.

"In anka kawo wuta hwa?"

Can ya miƙo mini sandarsa ya ce in ɓamɓare ƙusoshin a hankali kada in zubar masa da yaɓe.

Na yanke tsofaffin ƙulle-ƙullen nan duka na watsar. Na ja sabuwa ɗaya daga rektifaya kai tsaye zuwa kan batir, na sa mata fiyus a kusa da shi don kada wata rana ta taɓa ƙarfe ta kama da wuta. Na ja ta biyu zuwa jikin mashin, bayan na kankare tsatsa da wuƙa har ƙarfen ya yi fari. Na matse kowane baki da filaya, na zura wayoyin cikin guntun tiyo saboda ɓeraye. Baba na zaune a kan turmi yana ba da umarni a kan aikin da bai sani ba. Da na buga kik na ɗora mita, sai ga sha huɗu saura kaɗan a kan batir. Na riƙe wayar a tafin hannuna, sanyi ƙalau.

Saura a cika batirin, shi kuma sai an yi tafiya. Tafiya ina? Na hau na nufi filin Idi, na zagayo ta bayan rijiya, na dawo ƙofar gida, na sake komawa. Iyakar duniyarmu ke nan a lokacin. Mutane na zaune a gindin bedi, wato darbejiya, suna kallona ina wucewa ina dawowa, wani ya ɗaga murya ya ce in na isa Sakkwato in gai da mutanen can. Na yi dariyar yaƙe na wuce.

Washegari da safe, inji ya yi sanyi, na ture karan na fito da shi zaure. Baba ya ɗaga ƙafar da hannu biyu ya haye. Ina tsaye, wallahi ban san wanne nake roƙo ba, ya tashi ko kada ya tashi. Ya sa babban yatsa ya danna.

Inji ya tashi. Baba ya kashe, ya sake dannawa, ya sake tashi. Fuskarsa ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Ya kashe, ya zauna a kai yana shafa tanki.

"Gobe motar Isa za ta hita da rakiya," ya ce. "Ka bi ta."

"Mu bi ta dai. Ko kai ka biyo mu bisa mashin."

"Kai kac ce ƙahwata ta riƙe ka. To ga ƙahwa ka yi man. Tahi ga iyalinka."

Na yi magiya, na yi fushi, har na ce masa da na san haka ne da na bar wayar a bango. Ya ce ai an riga an ɓamɓare. Abin da na samu kawai shi ne alkawari: da ya ji an ce an hango su, zai hau ya taho, ba zai tsaya ɗaukar komai ba. Ya ce ya ji. Na san irin jin Baba.

Na bi motar. Matata ta sauka lafiya, aka yi suna, kawuna ne ya zauna a wurin da Baba ya kamata ya zauna. Aka yanke gero, na ce to yanzu fa? Ya ce saura dawa. Aka yanke dawa, ya ce wa zai bar wa rumbu.

In an samu sabis yakan kira ni da hantsi. Ba ya doguwar gaisuwa.

"Saurara," zai ce.

Sai in ji ya danna, inji ya kama, ƙarar tana dukan bangon zaure tana dawowa. Daga wannan amon nake gane inda yake tsaye.

"Baba, yaushe za ka taho?"

"Ka jiya? Dannawa guda. Kullum sai na zagaya hilin Idi yadda kac ce."

"Baba, yaushe?"

"Bari in kashe, mai ya yi wuya," in ji shi. Sai ƙarar ta ɗauke, in zauna da salula a kunne ina jin numfashinsa.