Tabarau a Bakin Ramin Biskaca

Kawu Zenón, yayan mahaifiyata, bai bar mana gona ko garke ba, amma ya bar suna. Kiwon shanun mutane ya yi duk rayuwarsa a yamma da garin Victorica, kuma in aka ce "Idon Shaho" har yara sun san wanda ake nufi. Yana da wata tsohuwar ƙaramar bindiga, ashirin-da-biyu, wadda harsashinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Da ita yake maganin biskaca, 'yan dabbobin nan masu kama da zomo, masu gashin baki, da ke cika makiyaya da ramuka har doki ya karya ƙafa. A ka yake harbinsu, saboda kada nama ya lalace.

Naman kuwa na matarsa ne, Inna Herminia. Kowace shekara, ranar da maƙwabta ke taruwa a yi wa maruƙa lambar wuta, ita ke kawo biskaca dafaffiya cikin ruwan tsami da karas da albasa, cike da manyan kwalabe. Wasu ma kwalaben ke kawo su, maruƙa hujja ce kawai.

Wata shekara, taro ya matso, sai Kawu ya fara dawowa hannu rabbana. Kwalabe na jere a wanke, babu abin zubawa.

"Tsoho, ina namana?" in ji Inna.

"Bindigar nan ce ta tsufa, Tsohuwa. Bakinta ya karkace."

"Au, ita ce ta tsufa?"

Kawu ya fice. Ya ɗaura sirdi ya nufi shagon mahadar hanya, inda maza ke zaman shan mate, shayin ganyen nan namu mai ɗaci, ya kai ƙarar bindigarsa. Nan fa kowa ya zama gwani. Wannan ya ce ya sayi mai watsa harsashi. Wancan ya ce haba, so kake baƙi su karya haƙori da dalma? Daga ƙarshe Casimiro, amininsa tun na ƙuruciya, ya buga cinya.

"Idon Shaho, bar wasan yara! Zan ara maka tawa ta aladen daji. Ko ka kuskure, ƙararta kaɗai za ta kashe su."

Harsashin wannan bindiga ya kai tsawon yatsa. Kawu ya shigo da ita gida a kafaɗa yana taku ɗai-ɗai. Inna ta dube ta, ta dube shi, ta ɗauki gyalenta.

"Yau da ni za a je. Ba za a ba ni labari ba."

Rana ta sunkuya, su uku har da Casimiro suka laɓe bayan wata ƙaya. Wani ƙaton namijin biskaca ya fito ya zauna a bakin rami yana gyaran gashin baki. Kawu ya ƙanƙance ido, ya auna, ya sake aunawa, ya ja kunama.

Mahaifiyata ta rantse har gidanmu kaji sun watse don ƙarar. Bindigar ta yi masa harbin jaki a kafaɗa, ya zauna daɓas cikin ƙaya, hularsa ta yi nata wuri. Abin mamaki, ya samu! Sai dai da Inna ta je ɗauko nama, wutsiya kawai ta tarar.

"Casimiro," ta ɗaga ta sama, "wannan zan raba wa mutane ranar taro? Kai zan ba tsakiya."

Casimiro yana riƙe da ciki, dariya ta hana shi magana.

To, kowa a wajenmu ya san halin biskaca: duk abin da ta tsinta a daji sai ta ja shi ta tara a bakin raminta. Wanda ya yar da wuƙa ko bulala, can yake fara dubawa. Inna ta sa ƙafa ta tona tarin, ga ƙasusuwa, ga busasshen kashin shanu, ga guntun igiya. Sai ga wani abu yana ƙyalli.

"Ikon Allah! Tsoho, biskacan bana sun shiga makaranta. Ga tabarau!"

Kawu ya shiga kakkaɓe wando. Ashe ya daɗe da sayen tabarau a ɓoye a gari. Cikin hula yake ajiye shi, ba ya sawa sai ya tabbata daga shi sai doki. Da ya faɗi masa a daji, ba shi da bakin cewa a taya shi nema, shi kuma ba ya gani balle ya nema.

"Ba nawa ba ne," ya ce.

"To, bari in mayar wa mai shi." Ta sunkuya za ta jefa cikin rami.

"Herminia! Kawo nan!"

Ita da kanta ta goge shi da bakin gyale ta ɗora masa a hanci. "Ka zaci ban sani ba? Wa ke wanke hular?"

Washegari ya mayar wa Casimiro bindigarsa, ya ɗauko 'yar tsohuwar tasa, wadda bakinta ya miƙe ba tare da an kai ta gyara ba. Kafin ranar taro kwalabe sun cika har an aro na maƙwabta. Ya shiga taron da tabarau a fuska, hannun tabarau ɗin ɗaya ɗaure da zare inda biskaca ta gwaguya, ana ta ihu "Shaho mai ido huɗu!" shi kuma yana ɗaga hula yana neman ƙari a faranti.

Da wannan sunan aka binne shi. Tabarau ɗin yana wajena, da tabon haƙoran a jiki.