Hannun Ammu Subhi

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Ammu Subhi, wato Baffa Subhi, a garin Mahalla ba ya mantawa. Tafin hannunsa kamar ka shafi bangon da ba a yi wa shafe ba, ga kanta jere a gindin kowane yatsa, rawaya, mai tauri. Shekara talatin da biyar ya yi yana dakon dilolin auduga a masaƙa kafin ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi yake zuwa kulob ɗin Kyaftin Ragab, wani ɗakin ƙasa a bayan kasuwar kifi da ke warin tsatsa da gumi. Shi ba ruwansa da injinan zamani. Abu guda yake yi: a jera wa sanda fayafayan ƙarfe a ƙasa, ya shafa alli a hannu, ya sunkuya ya cicciɓa har ya miƙe tsaye, ya saki. Yana da shekara sittin da huɗu amma yana tayar da kilo ɗari da tamanin.

Kuma mutumin yana da baki, Allah ya yafe masa. In ya ga wani ya sa safar hannu zai taɓa ƙarfe, to ranar wannan ya shiga uku. Wanda ya fi shan wuya shi ne Dokta Wa'il, likitan haƙori, da ke zuwa da safarsa ta fata mai laushi.

"Sannu da zuwa amarya," in ji Subhi. "A kawo wa Dokta kujera, kada ƙarfe ya ɓata masa lalle."

"Ammu, ni da hannun nan nake cin abinci. Ka taɓa ganin wanda ya buɗe wa magini baki?"

"To ka tsaya a bakin mutane mana. Safa tana ƙara wa sanda kauri, ta zame maka, ba ka jin abin da ka riƙe. Kai da ƙarfe sai ka ce surukai, kuna gaisawa ta bayan labule."

Haka ake ta yi ana dariya, shekara da shekaru. A gida kuwa dariya ta daɗe da ƙaura. Matarsa Afaf ciwon suga ya cinye mata ido, daga baya ɓarin jikinta na hagu ya shanye, hankalinta ma sai ya zo ya tafi. A hawa na uku suke, matakala ce kawai. Subhi ne ke ɗaukarta daga gado zuwa banɗaki, shi ke mata wanka, shi ke juya ta kada kwanciya ta ci mata baya, shi ke ba ta miyar lalo a cokali. Maƙwabta mata sun yi tayin taimako, ya ce ya gode. Bai taɓa kiran wannan wahala ba. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, kada a raba shi da ita.

To ita kantar hannu, wanda ya san ta ya san ba a barinta haka nan. In ta yi tudu da yawa sai sanda ta kama ta ta tsaga, bakin ya bushe ya koma kamar na gwangwani. Shekara talatin da takwas Afaf ce ke kula da wannan. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ta jiƙa masa hannu a ruwan ɗumi da gishiri, ta ɗora a cinyarta, ta bi kowace da reza a hankali, ta goge da dutsen kaushi, ta shafa kitsen wutsiyar rago tana yi masa faɗa. Da idonta ya tafi, aikin ya tsaya. Subhi da kansa sai dai ya sa haƙori ya ciji abin da ya ɗago ya tofar.

Wata safiya yana fito da ita daga wanka, tsagaggen bakin nan ya karce ta a ƙarƙashin cinya. Ɗan karce ne, ko jini bai yi na kirki ba. A jikin mai suga kuwa babu ƙaramin ciwo. Kafin kwana goma wurin ya kumbura, ya soma ruwa, ya soma wari.

'Yarsu Nirmin, ma'aikaciyar jinya a Iskandariyya, ta zo ranar Alhamis. Ta ɗaga rigar uwarta ta duba. Sannan ta kamo hannun ubanta ta juya shi.

"Baba, da wannan kake taɓa ta?"

"Da wanne zan taɓa ta? Shi Allah ya ba ni."

"Na kawo maka safar roba tun bara. Ina take?"

"Yagewa take yi. Ran da ba ta yage ba, da sabulu ya hau sai ta yi santsi, saura kaɗan uwarki ta kuɓuce min a bakin baho."

"To ka daina ɗaga ƙarfen."

"In na daina sati biyu bayana zai mutu. Wa zai hau da ita hawa uku? Ke?"

Nirmin ba muguwa ba ce, wallahi, kuka take yi tana magana. Ta ce za ta tafi da Mama a yi jinyar ciwon, kwana arba'in. In ta dawo ta tarar da hannunsa ya yi laushin da zai taɓa fatar mai suga, ta bar masa ita. In ba haka ba, Mama ta koma Iskandariyya ke nan. Shi ya sauko da Afaf a hannunsa har cikin mota, ya gyara mata matashi, ya tsaya a titi har suka sha kwana.

Washegari ya shiga kulob, ya nufi Dokta Wa'il kai tsaye, kansa a ƙasa.

"Dokta, wannan abin naka, a ina ake sayarwa?"

Aka tuntsire da dariya. Wani ya rangaɗa guɗa. Kyaftin Ragab, da suka tsufa tare, ya riƙe ciki yana cewa, "Yau na ga tashin duniya! Baban Nirmin, a ɗauko maka da ja ko da mai furanni?" Da Subhi ya faɗi dalili a taƙaice, kowa ya kama gabansa yana jin kunya. Dokta Wa'il ya cire tasa ya miƙa masa, bai rama ko kalma ɗaya ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Ashe duk abin da ya faɗa a kan safa gaskiya ne, sai dai yanzu a kansa yake aiki. Sanda ta yi kauri, ta riƙa mirginawa zuwa bakin yatsunsa. Ɗari da tamanin ta gagara, ɗari da sittin ma ta gagara. Ya tsaya a ɗari da talatin yana huci.

"Kai ne wannan?" in ji Ragab. "Haba Subhi."

"Afaf kilo saba'in ce, Kyaftin. Sauran duk na nuna wa mutane ne."

Kullum da hantsi yana zaune a baranda da kwanon ruwan gishiri, yana bin tafinsa da reza da dutse, yana shafa man da Dokta ya rubuta masa. Ya yanke kansa ba sau ɗaya ba. Ko buhun shinkafa zai ɗauka sai ya sa safa. Gidan ya yi masa faɗi, yana dafa wake ya ci rabi ya zubar da rabi, amma yana ƙirga kwanaki. Sannu a hankali rawayar nan ta tafi, fata ta fito ja-ja, sabuwa. Ran kwana talatin da takwas ya ɗauko ɗankwalin alharinin Afaf ya ja a tafinsa, bai kama ko zare ɗaya ba. Dattijon nan ya yi ta murmushi shi kaɗai a ɗaki.

Suka dawo ran Talata. Ciwon ya warke, sai tabo. Direban da wani maƙwabci suka hau da Afaf a kujera, don Nirmin ta ce sai ta duba tukuna. Ta shafa hannun nasa ciki da baya, ta ɗago ta kalle shi.

"Ka yi ƙoƙari, Baba. Ga matarka nan."

Ya zauna a bakin gado. "Afaf, sannu da hanya. Kin rame. Ba sa ba ki abinci a can ne?"

Fuskarta ta saki. "Subhi? Ina ka shiga?" Ta miƙo hannunta mai lafiya tana lalube, ya sa nasa a ciki. Babban yatsanta ya tafi gindin yatsunsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi. Sai ta fizge hannunta ta ja mayafi ta rufe ƙirji.

"Nirmin! Wane ne wannan?"

"Mama, Baba ne."

"Ƙarya kike. Wa kuka kawo min ɗaki? Namiji a kan gadona, ni matar aure?"

"Afaf, ni ne wallahi. Ba ki ji muryata ba?"

"Murya ai kowa ya iya kwaikwayo. Hannun mijina ni na san shi, da hannuna nake gyara shi. Wannan hannun malamin ofis ne. Ku fitar da shi! Subhi! Subhi!"

Tana kiran sunansa yana tsaye a gabanta. Ya faɗa mata ranar aurensu, ya faɗi sunan uwarta, ya tuna mata kifin da ya ƙone ran sunan Nirmin. Ta ce duk an gaya masa ne. Kwana uku aka yi ana fama. In ya yi magana daga bakin ƙofa sai ta amsa da murna, in ya taɓa ta sai ihu, har maƙwabta suka riƙa leƙowa. Ta daina karɓar abinci daga hannunsa. A rana ta uku ya zo juya ta, ta yi ta fizge-fizge har ta kusa faɗowa daga gado, sugarta ta hau. Nirmin ta soma haɗa jaka, shi ma bai hana ta ba. Wannan karon ko saukowa da ita bai samu yi ba.

Ya tafi kulob da la'asar. Ya ajiye safar Dokta a kan benci, ya cusa hannu a kwanon alli, ya ce a jera masa ɗari da tamanin.

"Ka yi hankali, fatar nan ɗanya ce," in ji Ragab. "Fara da sittin."

"Ba ni da lokacin sittin."

Sanda ta taso har gwiwa. Daga nan fatar ta ɗaye a tafi biyun gaba ɗaya, ƙarfen ya faɗi da ƙara, jini ya gauraye da alli. Ragab ya zaunar da shi yana naɗe masa hannu da bandeji yana zaginsa, idonsa cike da ƙwalla.

"Mahaukacin tsoho. Yanzu sai ka yi sati uku ba ka taɓa komai ba."

"Kyaftin, wata nawa kafin ta dawo?"

"Kanta irin taka ta da? Subhi, shekara arba'in ka yi kana tara ta. Ko ta dawo, 'yarka za ta bari ka taɓa uwarta da ita?"

Subhi ya miƙe ya fita da hannunsa a naɗe.

Yanzu kowace Juma'a yana hawa jirgin ƙasa na safe zuwa Iskandariyya da ledar lemo. Nirmin ta ajiye masa kujera nesa da gado, ya zauna ya ɗora hannuwansa a cinya ya yi ta ba Afaf labarin unguwa. Wani lokaci takan gane muryar na ɗan lokaci, wani lokaci a'a. Makon jiya ta saurare shi har ya gama, sannan ta juyo da fuskarta wajensa cikin ladabi.

"Bawan Allah, kana da kirki, kullum sai ka zo. Daga Mahalla kake, ko?"

"Daga can nake, Hajiya."

"To in ka koma, ka nemi Subhi mai ɗaga ƙarfe. Ka ce masa ban yi fushi ba. Amma ban taɓa zaton zai gaji da ni har ya riƙa aiko wani ba."

Subhi ya dubi tabon tafin hannunsa.

"Zan faɗa masa," ya ce.