Hannun da Ya Ƙi Toshe Birki

Kafin masunta su fito da kifin safe daga tafki, Baba Kalebu ya riga ya share gaban rumfarsa da ke bakin tashar Madarumfa. Yakan shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya jera ƙarafansa a kai, sannan ya zauna ya sha kokon da matarsa Febi ta damo masa. Haka yake yi kullum, ban da Lahadi da yake tafiya majami'a. Makaniki ne, amma a garin nan ba a kiransa sai in birki ya kama.

Duk mai mota a nan ya san wannan ciwo. Da damina motoci na ratsa ruwa da laka, masu wankin mota kuma suna kai su bakin tafki. Ruwan sai ya shige cikin etiriye, wato ƙarfen nan da ke damƙe faifan taya in an taka birki. Tsatsa ta ci fiston ɗin da ke ciki, ya damƙe ya ƙi saki. Daga nan taya ta ɗauki zafi, ƙauri ya tashi, mota ta riƙa janye wa gefe guda. Akwai gyaran gaggawa da kowa ya sani, ba a dai faɗinsa da ƙarfi: a cusa ƙusa a bututun man birki na wannan tayar a toshe shi. Kamun ya saki, amma tayar ta rasa birki ke nan, motar ta tafi da birkin tayoyi uku.

Baba Kalebu bai taɓa yin haka ba. Shi sai ya ɗaga mota, ya kwance etiriyen, ya fitar da fiston, ya zauna yana goge tsatsar a hankali kamar mai gyaran ƙwarya. Ya canza roba, ya shafa man giris, ya fitar da iskar da ta shiga bututun birki. In ya gama sai ya ja motar ya zagayo, ya sauko ya ɗora bayan hannunsa a jikin ƙarfen taya. In da ɗumi fiye da kima, a sake kwancewa. Wannan aiki yakan ci wuni, shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Sai-Gobe, kuma ba da ƙauna suka fara kiransa haka ba.

Ashiru, direban da ke ɗaukar mutane da kayan lambu zuwa Maraɗi, shi ya fi kowa iya ba da labarinsa. Wata ranar kasuwa ya zo da taya tana hayaƙi, fasinja cike da mota.

"Baba, don Allah ka toshe mini shi, in na dawo mu gyara."

"Su waɗanga da ke ciki, ka hwaɗa musu da birki ukku za ku tahi?"

"Haba Baba, kowa haka shi ke yi!"

"To tahi wurin kowa. Ni ban iyawa."

Ashiru ya tafi yana ƙunƙuni, ya samu mai toshe masa kafin shayi ya huce. A hanyar Safo amalanken jaki ya fito masa daga gona. Ya taka birki, motar ta murɗe ta faɗa cikin hatsin mutane. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, sai wata tsohuwa da ta karye a hannu. Da aka jawo motar zuwa rumfa, Ashiru ya tsaya kansa a ƙasa yana jiran faɗa. Baba Kalebu kuwa sai ya tambayi jikin tsohuwar, ya shimfiɗa buhunsa.

Kai ne, Baba, ka yi shekara da shekaru kana kallon motoci suna wuce rumfarka zuwa inda ake sallama da wuri. Kai ne aka yi wa dariya a tasha, aka ce tsufa ne ya sa ka nawa. Na Febi, mai hana ƙarfe gardama! Mutane nawa ne suka isa gida lafiya saboda taurin kanka, ba su ma san sunanka ba? Abin da ke ci mini rai shi ne ba a fara yabonka ba sai da hannunka ya gaji.

A ƙarshen daminar bana abin ya faru, kuma a kan motar Ashiru. Baba Kalebu ya gama gyara, ya zagayo, ya ɗora bayan hannunsa ya bar shi a nan.

"Ta yi sanyi ƙalau, ɗauki abarka."

"Baba, ɗauke hannunka! Baba, hannunka!"

Da ya ɗaga, fatar ta riga ta tashi. Ƙarfen da zafi kamar tanda, shi kuwa bai ji komai ba. Ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi ya kashe masa ji a hannu, bai sani ba. Ashiru ya ce tsohon bai dubi ƙunar ba, tayar ya tsaya yana kallo. Ya sake kwance etiriyen da hannu a naɗe, ya gyara, ya zagayo, sannan ya ce, "Zo ka taɓa mini, Ashiru. Naka hannun na ji."

Febi ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Abin da ya faɗa mata kawai shi ne, "Saura kaɗan in sallami mota da mutane a kan ƙarya." Washegari ya ce ya daina karɓar aiki. Direbobi suka yi ta roƙo, har da masu dariyar dā, ya ce a'a.

Abu guda ya nema a wurin gari. Ya ce a turo masa wanda zai koya, ba ya son ko dala, shi zai riƙa faɗa, mai koyo yana yi. 'Ya'yansa sun kama wasu sana'o'in a Maraɗi. Samarin tasha kuwa kabu-kabun babur da sayar da mai sun fi musu sauri, ba mai son wuni guda a kan taya ɗaya.

Mun gode, Baba Kalebu. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya. Ku kuma masu gyara, ku ji tsoron Allah ku bar cusa ƙusa a bututu. Direbobi, wuni guda bai fi ran fasinja ba. Iyaye, in akwai mai haƙuri a gidanku, ku tura shi tun tsohon nan yana da bakin magana.

Na bi ta rumfar a makon jiya. Na same shi zaune, ya gyara wuri a gefensa, yana duban hanya. Da ya ji takuna ya ɗago da sauri, sai ya ga ni ne.

"A'a, kai ne? Na ɗauka wani anka turo mini."