Ƙullin da ke Igiyar Umara

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, da an idar da sallar asuba a Kafin Ɗinya, nan wajen Tsanyawa, Umara mai tufka zai saɓa ƙunshin rama ya fita ƙofar gari. Ba gona za shi ba. Igiyoyinsa zai bi, waɗanda ya ja a kan turaku tun daga bakin ƙofa har gidajen gona. Ya girgiza turke ya ji ko gara ta ci, ya murza igiya ya ji ko akuya ta taune. In ya sami ɓarna ya tsuguna ya gyara, yana mita. Umara dai akwai mita, wannan ko masoyinsa ba ya musu.

Yau kowa Baba Umara yake cewa, ana rusunawa. To, a bar daɗin baki. Da can ba wanda ya yarda da shi a garin nan.

Lokacin mahara na gangarowa daga arewa a kan dawakai, su kwashi mutane da dabbobi. Dokar gari ɗaya ce: mai gadi a kan rimi ya busa ƙaho, kowa ya yar da fartanya ya ruga cikin gari, a rufe ƙofa. Mai lafiya ya tsira. Makaho fa, da kurma, da gurgu? Sai a ce haka Allah ya ƙaddara, a yi musu addu'a daga baya. Umara ya ga an yi wa mutum biyu irin wannan addu'ar a damina ɗaya, abin ya tsaya masa a rai.

Ya je ya sami Ja'afaru sarkin ƙofa, ya ce, "Malam Ja'afaru, in an busa ƙaho, kana jinkirtawa kafin ka rufe?"

Ja'afaru ya dube shi sama da ƙasa. "Me ya kai mai tufka sanin wannan?"

"Sabo makaho nake yi wa lissafi. Daga gidansa zuwa nan taku ɗari bakwai ne."

"Au! Har ƙirga takun ƙofata kake yi?"

Kafin la'asar zance ya gama gari. Aka tuna kakan Umara daga gabas ya zo, Babarbare ne, kuma wai cikin maharan akwai masu jin yarensu. Shekara sittin gidansu na garin, amma ranar kamar jiya suka sauke kaya.

Shi kuwa ya ci gaba da abinsa. Ya ja wa Sabo igiya ta cikin gonakin dawa har ƙofar gari. Mairo kurma ba ta jin ƙaho, sai ya kafa dogon gora a tsakar gidanta, ya haɗa igiya zuwa gidan maƙwabta, in sun ja sai farin tsumma ya tashi sama. Mati gurgu kuwa, Umara ya ba shi jakinsa, ya ce kullum ya wuni a ɗaure da akumari a bakin zaure. Duk Alhamis ya sa su gwada, mutane na leƙe ta saman danga.

Kowane abu sai da aka nemo masa ma'ana. Igiya wai hanya ce aka shata wa mahara, kada su ɓace cikin dawa. Farin tsumma alama ce yake ba su. Jaki kuwa na gudunsa ne ranar da ya sayar da gari. Aka daina sayen igiyarsa. In ya iso majalisa sai a koma zancen ruwan sama. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har Mati ya ce ya taɓa ganinsa yana tufka yana hawaye.

Ja'afaru ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Ƙanensa mahara suka tafi da shi, tun daga nan ko inuwa ba ya yarda da ita. Ya ƙudura a ransa igiyar nan ba za ta kai kowa ƙofarsa ba. Sai ya bari Umara ya gama zagayen safe, da hantsi ya bi baya da wuƙa ya yanke ta Sabo, ya tuge turaku. Umara ya ga yanka sumul, ya san akuya ba ta yawo da wuƙa. Bai kai ƙara ba, don wa zai saurare shi? Kwana tara yana haɗawa ana yankewa.

Rana ta goma da azahar aka busa ƙaho.

Mairo ta shigo a guje da taɓarya a hannu, ta manta ma tana riƙe da ita. Mati ya shigo a kan jaki yana salati. Umara na tsaye bakin ƙofa yana dubawa. Babu Sabo. Ya kama bakin igiyar ya ja, sai ta taho masa sakwa-sakwa. Ya juyo ya dubi Ja'afaru, bai zage shi ba.

"Yau a ina ka yanke?"

Ja'afaru ya ce, "Bayan tsamiya."

"To, in lokacinka ya yi ka rufe."

Ya fita, ana jin sukuwar dawakai. Bayan tsamiya ya tarar da Sabo durƙushe cikin dawa, riƙe da guntun igiya, ko tari bai yi ba. Haka Umara ya koya masa: in igiya ta ƙare, ka zauna, kada ka yi kira. Sabo ya ji hannu a kafaɗarsa, ya ce a hankali, "Ka daɗe, Umara."

Can bakin ƙofa jama'a na ihu, "Rufe! Rufe mana, za ka hallaka mu!" Ja'afaru, wanda bai taɓa jinkirta wa kowa ba, ya tokare ƙyaure da jikinsa ya ƙi motsi. Sai ga Umara goye da Sabo, mashi ya yage wa Umara kafaɗa, jini ya jiƙa su duka biyu. Suna faɗowa ciki aka banko ƙofa.

Washegari Ja'afaru ya tsaya gaban mai gari da dattawa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ya je ya haɗa igiyar da hannunsa, ƙulli mummuna, kamar kan ɗan akuya. An sabunta igiyar nan ya fi sau goma, amma kullum Umara sai ya mayar da wannan guntun wurinsa.

Baba Umara, kai ne ka ƙirga waɗanda gari ya manta da ƙirgawa. Kai ne muka ƙi wa sallama kana tufka mana rai. Mun zarge ka, kuma mun ji kunya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma na garuruwan maƙwabta, kada ku jira ƙaho. Ku zauna tun yau ku san makafinku da kuramenku da guragunku, gida gida, ku san wa zai ɗauko wa. Wanda bai san ta inda zai fara ba ya zo Kafin Ɗinya da sassafe ya gani. Shekara uku ke nan idon Umara ya rufe, igiyarsa ce ke kai shi tana dawo da shi, Ja'afaru na biye da shi ɗauke da turaku. In hannunsa ya iso bayan tsamiya sai ya tsaya, ya shafa wurin, ya ce, "Ja'afaru, har yau dai ba ka iya ƙulli ba."

Ja'afaru ya ce, "Ya riƙe ai, Baba."