Na'urar da Ta Bi Darakta Gida

An ce yaƙi da yunwa ne ke rusa dauloli. Ni da na yi aikin kwamfuta a wata hukumar tarayya har furfura ta fito mini, na san abin da ya fi su saurin durƙusar da mulki: a kira suna, a rasa mai amsawa. Har gobe ba zan manta da wata Litinin ba, zamanin da farar hula suka dawo, kuɗin mai ya yi yawa, kowace hukuma a Abuja tana sayen kwamfuta ko da babu mai iya kunna ta.

Ina mataki na tara na albashi a lokacin. Mu biyu ne a sashen, ni da Istifanus, mutumin Filato, ma'aikacin wucin gadi da ke zaune a Karmo da iyalinsa. A watan nan za a tabbatar da shi a aiki, muddin ba a same shi da wani laifi ba.

Da safe waya ta fara kuka. Imel ba ya buɗuwa, firinta ta yi gum, sashen albashi ba sa ganin fayilolinsu. Ku da kuka shigo sana'ar jiya kun san wannan, amma bari in yi wa baƙi bayani. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Akwai na'ura guda da muke kira DNS, aikinta irin na mai unguwa ne: ka ce gidan wane kake nema, ta nuna maka ƙofa.

Muka bi ƙa'ida. Wayoyi lafiya, fitilu kore. Istifanus ya kira babbar kwamfutar albashi da lambarta, ta amsa. Ya kira ta da suna, shiru.

"Oga," in ji shi, "lamba yana tafiya, suna ne ba ya tafiya. Mai unguwa ya mutu."

Bai mutu ba, ƙaura ya yi. Ɗan kwangilar da ya haɗa mana layin ya ajiye na'urar a ƙarƙashin teburin Darakta, domin nan ne kaɗai esi mai sanyaya ɗaki da janareta ba sa yankewa. Da muka shiga ofishin, sai bango da alamar ƙafar tebur a kan kafet. Ranar Juma'a Darakta ya yi ritaya, kuma al'adar gidan ita ce kayan ofis suna raka mai ofis. Firji, talabijin, labule, har butar alwala, direbobi sun loda sun kai Maitama.

Na je gidan Darakta da kaina. Maigadi ya bar ni a rana har na san sunan kowace mota, sannan aka kai ni wurin Alhaji a lambu. Na gaishe shi, na yi masa barka da hutawa, na kawo maganar a hankali.

"Wannan baƙin akwatin?" ya ce. "Ai na aika da shi gonata a Sheda, manaja zai riƙa lissafin ƙwai. Wani mai gyara ya duba, ya ce cike yake da shirme, ya goge shi tas."

"Ranka ya daɗe, shirmen nan shi ne hukumar."

Ya yi dariya sosai, ya ce in gaishe da mutanen ofis.

Kwafin ajiya kuwa, ɗan kwangila ya adana shi a wuri mafi aminci da ya sani, wato cikin na'urar. Muka koma bin ofis ofis muna tambayar kowace kwamfuta lambarta, muna sake gina komai a kan wata tsohuwar na'ura. Albashi ya makara. Mutanen da ke gaishe mu a masallaci suka daina ganinmu.

Na faɗa wa Muƙaddashin Darakta gaskiya. Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi.

"Malam, kana so in rubuta cewa Alhaji ya ɗauki kayan gwamnati? Mutumin da ake maganar za a ba shi shugabancin hukumar gudanarwarmu?"

"Yallaɓai, to wa za a ce?"

"Kwamiti zai gano."

Kwamiti ya gano. Ni cikakken ma'aikaci ne, korata sai an sha wahalar rubuce-rubuce. Istifanus kuwa layi ɗaya ya ishe shi. Ranar da zai tafi ya nannaɗe wayoyin gwaji ya jera mini a kan tebur.

"Oga, ka ƙirga," ya ce. "Kar a ce na tafi da kayan ofis."

Abin da na koya shi ne, a sana'armu ana gano inda matsala take cikin sa'a guda. Inda za a ɗora ta ne ke buƙatar manya, kuma kullum ƙasa take gangarowa har ta sami wanda ba shi da kowa a sama. Rahoton ya ce tsawa ce ta ƙone na'urar, saboda Istifanus ya yi sakaci bai cire ta daga wuta ba lokacin hadari.

A watan Janairu aka yi abin, tsakiyar rani.